Mala Mai Tayar Aro

A Dawakin Tofa aka haifi Mala, amma har ya yi furfura ana ce masa Babarbare. Kakansa ne ya zo daga Borno da fataucin kanwa da busasshen kifi, ya ga ƙasar ta karɓe shi, ya sayi gona ya zauna. Zuwa zamanin Mala babu abin da ya rage na can sai sunaye da 'yar gaisuwa, da turaren wuta da mahaifiyarsa, Ya Amsa, take haɗawa tana sayar wa matan unguwa. Shi kansa bai taɓa zuwa Borno ba.

Gonar kakan an raba ta tsakanin 'ya'ya, aka sake rabawa tsakanin jikoki. Abin da ya zo hannun Mala bai wuce na gero da waken ci ba. Haka gonakin wannan yanki suke, ƙanana, manne da juna, sai layin gamba ko lalle ya nuna inda ta wani ta ƙare. Wanda duk ya dogara da noma kaɗai zai ji jiki kafin kaka. Saboda haka tun yana saurayi ya koyi faci.

Da kekuna ya fara, a bakin kasuwa, da famfon hannu da kwanon ruwa da gwangwanin sholisho. Da babura suka yi yawa ya koma kansu. Daga baya ya kafa rumfa a bakin titi, ƙarƙashin wata darbejiya, ya sayi tsohon injin ba da iska, motoci suka fara tsayawa. A nan ya yi mafi yawan rayuwarsa. Ya auri Kulu, 'yar wani manomi daga wani ƙauye kusa da Tofa, suka haifi Ramlat da Fa'izu, da wasu biyu da ba su rayu ba. Ba mai yawan magana ba ne, ba kuma wanda ake ba da labarinsa ba. Idan an kawo taya yakan ba ta iska, ya kara kunne yana juya ta a hankali har ya ji inda take huci. Sau da yawa ba ya buƙatar ruwa.

Ranar da aka fara kawo masa taya marar tiyub, sai da ya ɓalle ta daga wili ya leƙa ciki ya ga wayam. Ya ba mai motar haƙuri, ya ce bai iya ba. Da sati ya zagayo ya shiga Kano, ya zauna wajen wani mai faci a Ƙofar Ruwa yana kallo. Ya ga ana zare ƙusa, a rarake ramin, a cusa wani zaren roba mai danƙo da tsinken ƙarfe, a yanke abin da ya yi saura, ba tare da an ko kwance tayar daga jikin mota ba. Ya sayo kayan ya dawo. Aikin ya yi sauƙi, amma ya ragu, domin irin wannan taya tana iya riƙe ƙusa a jikinta mai mota ya yi ta yawo har ya koma birni.

Yana da shekara hamsin da 'yan kai tayar wata tifa mai ɗaukar yashi ta fashe yana ba ta iska. Yana sunkuye a kanta. Waɗanda suke wurin sun ce ƙarar ta kai har cikin kasuwa, shi kuwa bai ji komai ba, sai farkawa ya yi a asibiti a Kano da kafaɗa a ɗaure. Direban tifar ne ya kai shi, ya kuma riƙa zuwa dubiya har aka sallame shi. Kafaɗar ta warke. Kunnen dama ya mutu gaba ɗaya. Na hagu yana ɗan ji idan an matso kusa an ɗaga murya, kuma babu wata hayaniya a wurin.

Ya koma rumfa. Yanzu sai ya tsoma taya a ruwa, ko ya shafa mata kumfar sabulu ya jira ya ga inda kumfar take tasowa. Mutane sukan zo su yi ta yi masa bayani, shi kuma ya gaji da cewa a maimaita, sai ya koyi gyaɗa kai yana cewa, “Haka ne.” Tayar ai ita za ta nuna masa abin da yake damunta.

Ba a daɗe ba aka zo faɗaɗa titi. Aka shafa jan fenti a jikin darbejiyar, aka sare ta, rumfar ta tafi tare da ita. Kafin a gama aikin, samari masu sababbin injina sun kama wurare a bakin sabon titin. Mala ya kwashe kayansa ya zuba a zauren gidansa, can cikin gari inda mota ba ta wucewa. Cikin kayan har da tsofaffin wili masu taya da mutane suka bari a wurinsa tsawon shekaru ba su dawo sun karɓa ba. Ya jingine su a bango. Wannan shekarar noma kawai ya yi, Kulu kuma tana ƙuli-ƙuli da man gyaɗa.

Wata rana da hantsi Malam Naziru, wani malamin makaranta maƙwabcinsu, ya zo a ƙafa, takalminsa duk laka. Ya matso kunnen Mala na hagu ya ce tayarsa ta sace a hanyar gona, ya buɗe but ɗin motarsa bai ga tayar safaya ba.

“An sace ta ne?” in ji Mala.

“A'a, haka motar ta zo. Wata kwalba ce a wurin da ɗan famfo mai waya. Ni ban ma taɓa ɗaga shimfiɗar ba sai yau.”

Mala ya tambaye shi noti nawa ne a ƙafar. Ya zaɓi wili ɗaya daga na jikin bango, ya ba shi iska, ya ɗaure a bayan babur da jak da sifana, suka tafi. Ya ɗaura masa, ya ɗauko mai facin ya gyara a gida, da yamma Malam Naziru ya zo suka yi musanya.

Daga nan labari ya bazu. Motocin da ake shigowa da su yanzu, wasu da 'yar siririyar safaya suke zuwa, wadda ba a nisa da ita ba a kuma gudu. Wasu ba su da ko wannan, sai kwalbar ruwan danƙo da ake ɗura wa tayar ta bawul ya toshe ƙaramin rami. Waɗanda suka mai da motocinsu masu amfani da gas kuma, tukunyar ta cinye but, sun bar safaya a gida. A kan kwalta mutum yakan lallaɓa ya kai wurin mai faci. A hanyoyin da suka ratsa gonaki kuwa, inda kututturen kara da ƙaya da guntayen ƙarfe suke, sai dai ya tsaya. 'Yan birni masu zuwa gaisuwa da ɗaurin aure da duba gona suna da yawa a wannan yanki, musamman Asabar da Lahadi.

Fa'izu, wanda yake tuƙa a-daidaita-sahu a Ungogo, shi ya rubuta lambar waya da fenti a jikin katanga a mararraba biyu ko uku, ya sa “Faci har inda kake” a sama. Lambar Kulu ya rubuta, tun da Mala ba ya jin komai a waya.

Da farko Kulu kunya take ji idan baƙon namiji ya kira. Takan ce, “To, bari a gaya masa,” ta kashe, sai Mala ya tambaye ta girman tayar ta ce ba ta tambaya ba. Ya ɗauko taya ya ajiye a tsakar gida ya nuna mata inda lambobin suke a gefe, da wadda ta fi muhimmanci, ta ƙarshe. Ta yi karatun manya a makarantar matan aure, ta san lambobi. Kafin damina ta fita ta iya aikin. Za ka ji ta tana tuyar ƙuli, waya a maƙale a kafaɗa:

“Sannu, Alhaji. Kana ina yanzu? Ka wuce makarantar firamare ko ba ka kai ba? To duba gefen tayar, karanto min lambar ƙarshe. Noti huɗu ne ko biyar? Ƙusa ce ko yagewa ta yi?”

Sai ta goge hannu ta je ta sunkuya a kunnensa na hagu ta faɗa masa, ta ƙara da nuni da yatsu. Shi kuma ya ɗaure kaya ya fita. Wasu masu kira sun ɗauka wani kamfani ne.

A ƙarshen wata damina, gero ya fitar da kai, wani mutum mai suna Abdulkabir ya kira bayan azahar. Ma'aikaci ne a Kano. Ya ɗauko mahaifinsa, Alhaji Sabo, daga asibiti zai kai shi ƙauyensu da ke bayan Tofa, domin tsohon ya ƙi yarda ya ƙara kwana a birni. Sun bar kwalta sun shiga hanyar gonaki, tayar gaba ta taka wani guntun ƙarfen garma ta yage ta gefe. Abdulkabir ya ɗura mata ruwan kwalbar, ruwan ya tsiyaye ƙasa ta wurin yagewar.

Mala ya same su a tsakanin gonakin dawa. Tsohon yana zaune a kan darduma a inuwar wata ɗorawa, ramamme, da carbi a hannu. Mala ya gaishe shi daga nesa, sannan ya nuna wa Abdulkabir kunnensa na hagu ya ce, “Ta nan za ka yi min magana, da ƙarfi.” Ya duba tayar ya ce ba ta facuwa. Ya ɗaga motar, ya gwada wilin da ya zo da shi. Noti biyar ne kamar yadda aka faɗa, amma ramukan ba su hau ba. Ya ce sai dai ya tafi da wilin motar Dawakin Tofa a sa masa taya ta hannu ya dawo.

Hadari yana haɗuwa a gabas. Tsohon ya kira ɗansa, suka yi magana. Mala yana ganin Abdulkabir yana girgiza kai, tsohon yana nuna babur da carbinsa. Can Abdulkabir ya zo ya sunkuya a kunnen Mala.

“Baba ya ce ba zai jira ba. Wai ka fara kai shi gida a babur, sannan ka dawo kan tayar. Na ce masa jikinsa ba zai ɗauka ba, ya ƙi.”

“Da nisa?”

“Ba sosai ba. Shi zai nuna maka hanya.”

Mala ya kwance wilinsa ya ajiye a gefen hanya. Suka ɗora tsohon, Abdulkabir ya ɗauko rawanin mahaifinsa daga mota ya ɗaure su tare a ƙugu. Mala ya ja a hankali, ƙafafunsa suna kusa da ƙasa saboda yashi.

Tun da suka tashi tsohon yake magana. Mala ya san haka ne domin yana jin ƙirjin mutumin yana motsi a bayansa, yana kuma jin ɗumin numfashinsa a kunnen dama. Wani lokaci hannu ya fito ta gefe ya nuna wata gona ko wata bishiya. Mala ya riƙa gyaɗa kai kamar yadda ya saba. Idan an zo mararraba tsohon ya taɓa masa kafaɗar da za a bi.

A wani wuri ya bubbuga masa baya da ƙarfi, Mala ya tsaya. Tsohon ya sa aka kwance rawanin, ya sauka, ya dafa kafaɗar Mala ya tsaya yana kallon wata gonar gyaɗa. Babu komai a cikinta sai gyaɗa da wata tsohuwar kuka a can ƙarshe. Ya daɗe yana magana a nan, yana nuni, har ya yi 'yar dariya. Injin yana kunne, iska kuma ta taso. Mala ya kalli bakinsa ya ce, “Haka ne, Baba.” Suka hau suka ci gaba.

A ƙofar gida mata da maƙwabta suka fito suka karɓe shi. Tsohon ya riƙe hannun Mala da hannu biyu ya faɗi wani abu, aka shiga da shi. Mala ya koma, ya ɗauki wilin motar ya kai gari aka sa taya, ya dawo ya ɗaura cikin yayyafi. Kafin magariba Abdulkabir ya tashi motarsa.

Alhaji Sabo bai cika sati ba ya rasu. Tun washegarin isarsa gida harshensa ya yi nauyi, ba a ƙara gane maganarsa ba.

Bayan an share makoki Abdulkabir ya zo gidan Mala tare da yayansa, Uzairu, wanda yake noma a ƙauyen. Aka yi musu shimfiɗa a zaure tsakanin tayoyi. Kulu ta yafa mayafi ta fito ta yi musu gaisuwa, ta zauna a hagun mijinta don ta riƙa isar masa da magana.

Uzairu ne ya yi bayani. Ya ce tun a asibiti mahaifinsu yake cewa akwai maganar da zai yi musu idan ya isa gida, Allah bai nufa ba. Mutanen da suke gona a ranar sun ga wucewarsu a babur, sun ce tsohon bai rufe baki ba tun daga ɗorawa har ƙofar gida. To, sun zo su ji abin da ya ce.

Kulu ta faɗa masa a kunne. Mala ya ce, “Allah ya jiƙansa. Ya yi magana, amma ban ji ba.”

“Ko kaɗan?” in ji Abdulkabir.

“Ta kunnen dama yake yi. Wannan ko bindiga aka harba ba ya ji.”

Uzairu ya ce, “An ce an ga kana gyaɗa kai. Har kun tsaya a hanya kuna hira.”

“Mun tsaya. Shi yake magana, ni ina gyaɗa kai. Haka nake yi wa kowa.”

“Malam Mala, ba mu zo da rigima ba. Akwai gonaki, akwai 'yan'uwa mata, akwai ƙannenmu. Idan ya ambaci wata gona ko sunan wani, ko kalma ɗaya ce, ka faɗa mana.”

Kulu ta isar. Mala ya ce, “Da na ji da na faɗa. Abin da zan iya shi ne in nuna muku inda muka tsaya.”

Suka bi shi a mota har gonar gyaɗar. Ya nuna musu inda tsohon ya sauka, da inda ya fuskanta, da yadda ya yi da hannu. 'Yan'uwan suka tsaya suna kallo. Ba gonarsu ba ce, ba su kuma san ta taɓa zama tasu ba. Suka nemi mai ita, wani Sha'aban, ya ce gadonta ya yi daga ubansa, bai san Alhaji Sabo ba sai a suna. Wata tsohuwa a ƙauyen ta ce kamar a da akwai 'yan gidaje a wajen kukar nan, na dangin mahaifiyar marigayin. Wani dattijo ya ce a'a, rijiya ce kawai a wurin da masu zuwa kasuwa suke shan ruwa. Ba a samu wanda ya tabbatar ba.

Aka raba gado yadda malamai suka lissafa. Uzairu bai gamsu ba. Ya riƙa faɗa a ƙauye cewa ƙaninsa ne ya kawo mai facin, shi kuma ya san yadda ya yi da shi ya kama bakinsa. Maganar ta zagayo har Dawakin Tofa ta bakin mata masu sayen man gyaɗa. Kulu ta ji, ta yi kwanaki ba ta gaya masa ba, sannan wata safiya yana shan koko ta faɗa masa.

Ta ƙara da cewa, “Malam, da ka ce musu addu'a ya yi musu, ya ce su riƙe zumunci. Ai duk tsoho abin da zai faɗa ke nan. Da hankalinsu ya kwanta.”

“Wataƙila hakan ya ce.”

“To?”

“Ban ji ba, Kulu.”

Ya ajiye kokon bai shanye ba. Kwanakin nan bai cika cin abinci ba, ko da yake bai fasa fita aiki ba. Abin da ya fi damunsa, kamar yadda ya taɓa gaya wa Malam Naziru, ba zargin ba ne. Tsohon ya sauka daga babur yana ganin ya gaya wa wani maganarsa, shi ya sa ya riƙe masa hannu a ƙofar gida. Daga lokacin Mala ya daina gyaɗa kai. Ko yaya maganar take, ko ta wane ne, idan bai ji ba sai ya ce bai ji ba, a zagayo ta hagu. Wasu suka ce ya zama mai wuyar sha'ani.

Ramlat, wadda take aure a Ungogo, ta kai shi asibiti aka ba shi 'yar na'urar ji ta maƙalawa a kunne. Tana taimakawa a cikin ɗaki, amma a kan babur sai ta yi ta fito, don haka ranar Juma'a kawai yake sa ta saboda huɗuba. Abdulkabir ya sayi cikakkiyar safaya ya jefa a but, ta cinye rabin wurin kaya. Yakan tsaya ya gaishe da Mala idan ya biyo ta garin. Uzairu kuwa sai da aka yi shekara biyu, tayar amalankensa na shanu ta sace da taki a kai, ya sa aka kira lambar da ke jikin katanga. Kulu ta gane muryar Uzairu a bayan mai kiran, ta tambayi wuri da girman taya kamar kowa. Mala ya je ya gyara. Suka yi maganar taki da tsadar iri, ba su ta da waccan ba.

Yanzu Mala ya haura sittin. Gwiwa ta fara hana shi durƙuso, ya rage nisa, ba ya wuce Tofa. Wasu samari biyu a garin sun fara irin aikinsa da babura, ɗaya har da injin iska mai batir. Idan kira ya zo daga nesa Kulu takan ba da lambar ɗayansu. Fa'izu ya sayi fili a Ungogo, yana ta matsa musu su sayar da gidan su koma kusa da shi. Kulu tana so, saboda jikoki. Mala ya ce a bari a cire amfanin gona tukuna. Bana riɗi ya shuka a rabin gonar, karo na farko, yana so ya ga yadda zai yi.